Damina ba ta jiran sa hannu

Saƙon ya zo min ne daga wata jami'a a Turai. Suna neman abokin aiki a Zariya don bincike kan wuta-wuta, ciyawar nan da ke kama dawa da gero da masara tun daga saiwa ta shanye su. Na yi murna ƙwarai. Duk wanda ya yi karatun noma a Samaru ya san haɗa hannu da na waje ba baƙon abu ba ne a nan. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru, shekara arba'in kafin a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ko waken SAMPEA 20-T da aka fitar a 2019, mai jure tsutsar da ke huda kwanso, da hannun masanan Ostareliya aka samar da shi. Shi ya sa na amsa musu a ranar, ban nemi shawarar kowa ba.

Da takardar yarjejeniya ta iso, adadin kuɗi na duba, na duba sunana, na miƙa aka sa hannu. Jadawalin aiki kuwa ban tsaya a kansa ba. Su a watan Oktoba suke buɗe shekarar karatu, a nan ne kuma za a saki kuɗi. Mu a nan ruwa kan zauna ne tsakanin Mayu da Yuni, a lokacin ake shuka. Kafin kuɗi ya shigo dawa ta riga ta fid da kai. Shekara guda cur ta wuce ba mu auna komai ba, ɗalibaina biyu suna zaune suna jira. Laifina ne. Su ba su san daminarmu ba, ni ne na san ta kuma ban faɗa ba.

Damina ta biyu muka shiga gonakin wajen Giwa da jerin tambayoyin da aka tsara daga can. Wani dattijo ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, zo ka ga wani abu." Ya nuna min gonaki biyu maƙwabtan juna. Ɗaya wuta-wuta ta rufe ta, ɗayar sai tsilli-tsilli. Ya ce mai tsilli-tsillin, bara gyaɗa ya sa mata, bariya kuma auduga, ga takin shanu. Na ce, "Baba, wa ya koya maka?" Ya ce haka ya taso ya ga mahaifinsa yana yi.

Abin da dattijon ke yi yana da bayani a kimiyya. Ƙwayar wuta-wuta ƙanana ce kamar ƙura, tana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara goma, kuma ba ta tsirowa sai ta ji wani sinadari da saiwar shuka ke fitarwa. Gyaɗa da auduga da waken suya suna fitar da irinsa, sai ƙwayar ta tsiro, ta rasa inda za ta kama, ta mutu. Abokan aikinmu sun san sinadarin ciki da waje, suna da na'urar auna shi da ba mu da ita. Amma wace gona, wane juyi na shuka, manomi nawa zai iya haƙura da dawa shekara guda alhali ita ce tuwon gidansa, wannan a hannunmu yake. A ranar na daina ganin kaina a matsayin mai tara musu samfur.

Sai dai takarda ba ta san da wannan sauyi ba. Da aka turo daftarin maƙalar farko, na ga sunayen ɗalibaina a ƙasa, wajen godiya, maimakon cikin jerin marubuta, su da suka yi wata huɗu cikin taɓo. Raina ya ɓaci. Na je wajen wani tsohon malamina na kai kuka, ya ce, "Me yarjejeniyar ta ce game da sunaye?" Na ce ba ta ce komai ba. Ya ce, "To ai tun ran gini, tun ran zane." Na rubuta wa shugabar aikin ta can, na lissafa abin da kowa ya yi, ba tare da zafi ba. Ta karɓa, aka gyara. Amma ba kowa ke dacewa da irinta ba.

Akwai sauran ƙananan darussa. Iri da ƙasa ba a zuba su a jaka a hau jirgi; sai da takardar shaidar lafiyar tsiro da rubutacciyar yarda kan abin da za a yi da su, tunda Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta jaddada ikon kowace ƙasa kan albarkatun halittunta. Kasafi kuma a rubuta shi da kuɗin waje. A Yunin 2023 da aka saki naira kasuwa ta yanke darajarta, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 700 cikin 'yan kwanaki, farashin sinadaran da muke saye ya bi ta.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ɗaliban. Dukansu sun je can wata shida, sun koyi aikin na'urar da kyau. Ɗaya ta dawo, ɗayan ya samu gurbin digiri na uku ya zauna. Ban ga laifinsa ba, don wadda ta dawo ta tarar ba abin da za ta yi aiki da shi.

Yanzu muna kan yarjejeniya ta biyu. Na nemi a sa abu uku kafin na sa hannu: kuɗi ya iso kafin watan Afrilu, a fayyace tsarin sunaye tun yanzu, sannan a sayi na'ura ɗaya a kafa ta a Samaru tare da horar da mai gyaranta. Biyu sun shiga. Na ukun muna kan magana, ga shi kuma hadari ya fara haɗuwa ta gabas.