Wutar Ɗumi a Ƙaramin Ɗaki: Abin da Garejin Karaban Ya Koya Mini

Lokacin da nake karatu a Ingila na yi aikin wucin gadi a wani gareji da ke gabashin Yorkshire, kusa da birnin Hull. Karaban muke gyarawa, wato ƙananan ɗakunan nan masu tayoyi da ake ɗaura wa mota a baya, iyali su ja abinsu zuwa bakin teku ko gindin tsauni su huta. Yankin Hull cibiya ce ta ƙera su, kamfanin Swift ma a Cottingham yake, don haka aiki ba ya yankewa. Daga watan Oktoba masu niyyar fita cikin sanyi suke fara kawo nasu a duba musu gas da lantarki da hita.

Babban makanikin da aka haɗa ni da shi dattijo ne marar yawan magana. Duk abin da ke ci da wuta a cikin karaban, kafin ya ɗauki sufana sai ya yi tambaya biyu a kansa: daga ina wutar nan take samun iskar da take ci, kuma ta ina hayaƙinta yake fita? Idan amsar duka biyun ita ce "daga cikin ɗakin" da "cikin ɗakin", to a wurinsa wannan ba abin da za a kwana da shi a kunne ba ne, ko da sabo ne dal, ko nawa aka saye shi. Duk sauran abin da na koya a garejin nan daga waɗannan tambayoyi ya tsiro.

Dalilin yana cikin ƙanƙantar wurin. Karaban mai tsawon mita 5 a ciki, in aka cire gado da kabad da banɗaki, iskar da ta rage bai fi mita kubik 20 ba. Kilo ɗaya na gas kuwa, kafin ya ƙone ƙurmus, yana buƙatar iska kusan mita kubik 13. A wannan 'yar iskar mutum biyu ko huɗu za su yi numfashi dare guda. Idan aka kunna murhun girki don jin ɗumi, aka rufe ko'ina, oksijin ya soma raguwa, wutar ba mutuwa take yi nan take ba. Ci gaba take da ci, amma ƙunarta ba ta cika, sai ta riƙa fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid.

Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari, ba ta sa ido yaji. Hayaƙin itace yana korar mutum daga ɗaki da kansa, ita kuwa zaunar da shi take yi. Tana kama jan sinadarin jini da ke ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin ɗin fiye da sau 200, ta hana shi aikinsa. Ciwon kai ne yake fara zuwa, sai jiri, tashin zuciya, kasala, sai tunani ya rikice. A nan haɗarin yake, domin hankalin da zai ce maka ka tashi ka buɗe ƙofa shi ne abin da take fara taɓawa. Wanda yake barci kuwa ba ya ma jin ciwon kan. Masu haƙar kwal na Birtaniya sun san ta tun da daɗewa. A shekarun 1890 masanin numfashi John Scott Haldane ya ba da shawarar a riƙa shiga rami da ƙaramar halitta mai saurin numfashi wadda gubar za ta kayar kafin ta kai ga mutum, daga nan aka shiga sauka da kanari a keji, ba a kuma daina ba sai 1986.

Kowane karaban an yi masa ƙofofin iska waɗanda ba su da marufi: wasu a ƙasa kusa da daɓe, wasu a rufi. Iska mai sanyi ta shigo ta ƙasa, mai ɗumi da ta gurɓata ta fita ta sama. Akwai kuma ramuka a daɓen ƙarƙashin murhu da ma'ajin tukunyar gas, saboda gas ya fi iska nauyi, in ya zurare ƙasa yake kwantawa, ramin ne mafitarsa. To waɗannan ƙofofin su muka fi tararwa a toshe. Wani ya liƙe da salatif, wani ya cusa safa ko soso, wani ya shimfiɗa darduma a kai, wani ya jibga akwati.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda dattijon nan yake magana da masu yin haka. Bai taɓa yi wa ɗaya faɗa ba. Ya san wanda ya toshe kafar iska sanyi ne ya dame shi da ƙarfe uku na dare, kuma in aka cire masa salatif ɗin aka sallame shi da gargaɗi kawai, daren farko da iska ta busa ƙafarsa zai mayar. Sai ya ɗauki lokaci yana nuna masa inda ɗumin yake zurarewa da gaske: robar ƙofa da ta bushe, tagogi marasa labule mai kauri, daɓe marar shimfiɗa, katifar da ke manne da bango mai sanyi. A gyara waɗannan, a ƙara bargo da gorar ruwan zafi, mutum ba zai ƙara jin buƙatar taɓa kafar iskar ba. Har yau ina ganin wannan ya fi kowace takardar gargaɗi da muke liƙawa a jikin kabad amfani.

Hitar da ta amsa tambayoyin nan biyu daidai ita ce wadda tukunyar ƙunarta take a rufe ruf. Tana zuƙo iska daga waje ta bututu ɗaya, ta tura hayaƙi waje ta wani, iskar ɗaki kuwa jikin ƙarfen da ya yi zafi kawai take shafa ta ɗauki ɗumi. Haka hitocin Truma da Alde suke, haka na dizal irin su Webasto da Eberspächer. Amma ita ma amanarta tana ga bututun. In ya tsage, ko mahaɗarsa ta saki saboda girgizar hanya, hayaƙin ya dawo ciki. In dusar ƙanƙara ta taru ta rufe bakinsa, ko aka kafa rumfar tamfol a gefen da yake fita, ko aka bar taga a buɗe daidai samansa, duk ɗaya ne. Shi ya sa muke bin bututun da hannu daga farko har ƙarshe, ba mu wadatu da leƙe ba. A kan murhu kuma harshen wuta muke kallo. Shuɗi mai tsayuwa ƙyam shi ake so. In ya koma rawaya yana lilo, ko baƙin hayaƙi ya fara manne wa gindin tukunya, akwai matsala, wani lokaci ma saƙar gizo-gizo ce kawai a cikin bututun gas bayan karaban ya yi watanni a ajiye.

Gas ɗin kansa iri biyu ne, sanyi kuma shi yake raba su. Buten, wanda galibi ake sayarwa a shuɗiyar tukunya, yana daina tashi daga ruwa ya zama iska idan sanyi ya kai kusan digiri 0, tun kafin nan ma ƙarfinsa ya fara raguwa. Furofen, na jar tukunya, yana aiki har kusan digiri 42 ƙasa da sifili. Wanda ya fita da buten a watan Janairu zai ga hita ta mutu da tsakar dare alhali tukunya na da nauyi, kuma a irin wannan lokacin ne ake yin ganganci: a shigo da tukunyar cikin ɗaki, ko a ɗumama ta da wuta, ko a jawo murhun gawayi na gashin nama da aka gama amfani da shi da yamma. Na ƙarshen nan ya kashe mutane a tantuna da karaban, domin gawayi yana ci gaba da fitar da gubar sa'o'i bayan harshen wutarsa ya mutu, ko da toka ta rufe shi ana ganin kamar ya huce.

Hitar lantarki ba ta fitar da guba, amma tana da nata sharaɗin. Sandar wutar da sansanin hutu ke bayarwa yawanci amfiya 16 ce ko 10, a kan bolt 230, wato kusan wat 3,700 ko 2,300. Hita mai wat 2,000 da butar lantarki tare sun isa su kashe layin. Wayar da ake jawo wutar da ita, mai tsawon mita 25, dole a warware ta duka, don in aka bar ta a naɗe tana ɗaukar zafi har robarta ta narke. Ba a shanya tawul ko rigar sanyi a kan hita, kuma a ɗakin da labule da bargo suke kusa da komai, wadda take kashe kanta in ta faɗi ita ce ta dace.

Akwai kuma danshi, wanda ba ya kisa amma yana cinye karaban a hankali. Kowane kilo na gas da aka ƙona a fili cikin ɗaki yana sakin ruwa kusan lita 1.6 a matsayin tururi, ga na numfashi da na girki. Da safe sai a ga tagogi na tsiyaya, bayan wata biyu funfuna ta kama bayan kujera, daga baya katakon bango ya ruɓe. Idan muka ga karaban ya jiƙe haka daga ciki, mukan duba ƙofofin iska kafin mu duba rufi, domin sau da yawa tagar da ke zufa ita ce shaidar farko cewa iskar ɗakin ba ta sauyawa.

Na'urar ƙararrawa ta kabon monoksaid ita ce ta maye gurbin kanari, kuma ba na yarda wani nawa ya kwana kusa da wuta babu ita. Wadda aka yi wa karaban da jiragen ruwa tana ɗauke da lambar EN 50291-2. An tsara ta ta yi ƙara cikin minti 60 zuwa 90 in gubar ta kai kashi 50 cikin miliyan, cikin minti 10 zuwa 40 in ta kai 100, kafin minti 3 kuma in ta kai 300. A kusa da makwanci ake sa ta, daidai inda kan mutum yake, ba cikin kabad ba, ba bayan labule ba. Tana da ranar ƙarewar aiki a rubuce a jikinta, ko da batirinta na da rai. Kuma ita daban, ta hayaƙin gobara daban, ta yoyon gas da ake sa wa kusa da daɓe ita ma daban. Ɗaya ba ta tare wa ɗaya.

Duk wannan a Ingila na koye shi, amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A Disamba da Janairu, idan jaura ta sauko a Kano ko Jos ko Damagaram, kaskon garwashi muke shigarwa ɗaki mu ja ƙofa. Ɗakunanmu na yanzu, masu siminti da silin da tagar gilashi mai zamiya, sun fi na da riƙe iska nesa ba kusa ba. Maigadi yana kwana a kwantena ko ɗan ɗakin bakin get da kaskonsa. Direban tirela yana barci a kan mota da inji a kunne, gilashi a ɗage. Ana tayar da janareta a baranda ko a lungun bayan taga saboda tsoron ɓarayi, alhali ya kamata ya yi nisan aƙalla mita 6 da kowace ƙofa da taga. Wanda ya fi damuna shi ne ɗakin mai jego, inda ake ƙara wuta saboda ƙauna da kulawa, ga shi jariri da mai ciki da tsoho da mai ciwon zuciya su gubar ta fi saurin illatawa. A ɗumama ɗakin tun da yamma da taga a buɗe, a fitar da kaskon waje kafin a kwanta, a bar kafar iska, a ƙara mayafi. Ɗumin da bango ya sha zai kai su wani lokaci mai tsawo.

Alamomin suna kama da na mura ko zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ake shan magani a koma ɗakin a sake kwanciya. Bambancin shi ne jiki ba ya zafi, mutanen ɗakin duka suna kamuwa lokaci guda, kuma da an fita waje sai a ji sauƙi. In an ga haka, a fitar da kowa sarari nan take, a bar ƙofa a buɗe, kada wanda ya shiga ɗauko mutum ya daɗe a ciki. Manja da madara ba sa fitar da ita daga jini, kuma ɗura wa wanda ya suma wani abu a baki yana iya shaƙe shi. Oksijin ne maganinta: da iskar waje kawai, sai an yi awa 4 zuwa 5 kafin rabin gubar ya bar jini, da tsantsar oksijin a asibiti kuwa awa ɗaya da 'yan mintoci ne. A faɗa wa likita ƙarara cewa an kwana da garwashi ko janareta, domin 'yar na'urar da ake maƙala wa yatsa ba ta bambance jinin da ke ɗauke da oksijin da wanda gubar ta kama, tana iya nuna lamba mai kyau ga mutumin da ke cikin haɗari. Ko wanda ya farfaɗo ya ce ya ji garau, a kai shi a duba, saboda wasu matsalolin mantuwa da rikicewar tunani sai bayan kwanaki ko makonni suke bayyana.