Sandar aro

Tela ne a Kasuwar Barci da ke Kaduna, shekarunsa ba su kai 30 ba. Keke Napep ta buge shi yana tsallaka titi da yamma, ƙashin ƙwaurinsa na hagu ya karye, aka sa masa siminti tun daga cinya har zuwa yatsun ƙafa. Likita ya rubuta cewa kada ya taka ƙafar ko kaɗan. Ranar da za a sallame shi, yayansa ya zo da sanduna biyu na katako, irin masu shiga hammata, aron wani maƙwabcinsu da ya taɓa karyewa. Ni ce nas ɗin da ke aikin safe a ɗakin maza ran nan. Gadaje sun cika, ga masu jiran wankin ciwo. Na ce masa ya tashi ya gwada. Ya yi taku kamar goma a baranda ya dawo, bai faɗi ba. Na ce madalla, Allah ya ƙara sauƙi. Ban auna sandunan da jikinsa ba.

Bayan mako 4 ya dawo ganin likita. Tun daga nesa na lura da hannunsa na dama: ya saki daga wuyan hannu, yatsun na lilo. Ya ce, "Sista, ƙafa aka ce ta karye, ga shi hannu ya mutu. Almakashi ma ba na iya riƙewa yadda ya kamata." Ya so ya riƙa yanka yadi a zaune, yaransa na ɗinkawa, don kada tukunyar gidansa ta tsaya. To ga hannun ya ƙi.

Na ce ya miƙe da sandunan in gani. Sai ga kafaɗunsa sun ɗage har kusa da kunne. Mai sandar dogo ne, shi kuwa gajere, don haka duk nauyinsa a hammata yake saukewa. A hammata akwai jijiyoyin da ke kai saƙo zuwa hannu, ɗaya daga cikinsu ita ce ke ɗaga wuyan hannu da miƙe yatsu. Idan aka yi ta danne ta da kan sanda kullum, sai ta daina aiki. Yawanci tana farfaɗowa cikin makonni ko watanni idan an daina dannewar, haka likita ya faɗa masa, aka ɗaure hannun da abin tallafi, aka tura shi wajen masu gashin ƙashi. Amma ni na san minti biyar da na hana shi ranar sallama ne suka jawo wannan, kuma abin ya daɗe yana ci mini rai.

Tun daga lokacin ba na barin kowa ya fita da sandar da ban auna ba, ko da kuwa sabuwa ce fil daga kanti. Mutum zai tsaya da takalmin da zai riƙa sawa, ya saki kafaɗa. Bakin sandar zai sauka kamar santimita 15 gefen ƙafarsa, ya ɗan yi gaba da kusan haka. Sai in sa yatsuna tsakanin hammata da kan sandar: yatsu 2 zuwa 3 su shiga ba tare da matsi ba. Mariƙin kuma ya zo daidai wuyan hannu idan an saki hannun, ta yadda in ya kama, gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwasa, digiri 20 zuwa 30. Sandar alminiyam mai ramuka ba ta da wahala, maɓalli ne a danna a matsar. Ta katako kuwa sai an kai wa kafinta, kuma nakan sa alama da biro a inda zai yanke da inda zai mayar da mariƙin, don in ya rage tsawo kawai ya bar mariƙi a inda yake, an gyara ɗaya an ɓata ɗaya. Sannan in maimaita maganar da nake so ta zauna: tafin hannu ne ke ɗaukar nauyi. Kan sandar haƙarƙari yake jingina, ba hammata ba. Masu naɗa tsumma mai kauri a kan sanda don ta yi laushi, niyyarsu mai kyau ce, amma tsumman yana cike gurbin nan na yatsu uku, ya kuma sa mutum ya ji daɗin rataya a kai.

Ranar farko ta tashi tana da nata haɗarin. Wanda ya yi kwanaki a kwance, in ya miƙe farat ɗaya jini kan sauka ƙasa, ya ga jiri. Don haka sai ya zauna a bakin gado tukuna, ƙafafu a ƙasa, mu yi ta hira har in ga fuskarsa ta daidaita. Nakan ɗaura masa zani ko ɗamara a ƙugu in riƙe, in tsaya ta bayansa, ɓangaren ƙafar da ke ciwo. Wajen tashi, sandunan biyu a hannu ɗaya, ɓangaren ciwo, ɗaya hannun ya dafa gado ko kujera. Sai ya tsaya daram kafin ya raba su.

Tafiyar kanta, ga wanda aka hana taka ƙafa: sanduna biyu su yi gaba tare da ƙafar mai ciwo a ɗage, ya danna mariƙi, mai lafiyar ta biyo. Taku gajere, ido a gaba. Samari ne suka fi ba ni wahala a nan, kwana biyu sun fara lilo da tsalle mai nisa. Dattawa kuma tsoro ke sa su kafa ido a ƙasa su sunkuya. Idan likita ya ce a fara taka ƙafar kaɗan, kalmar "kaɗan" kowa da yadda yake jin ta, shi ya sa nake kawo ma'aunin nauyi in ce mutum ya ɗora ƙafar ya danna har allura ta kai adadin da likita ya faɗa, ya ji a jikinsa yadda nauyin yake.

Duk wannan a barandar asibiti ne, mai shimfiɗaɗɗen daɓe. Ba can mutum zai zauna ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka yanzu kafin sallama nakan zauna da majinyaci da mai jinyarsa in ce su zagaya da ni gidansu da baki. Daga titi zuwa ƙofa akwai kwata? Katako aka ɗora ko siminti? Zauren yana da dokin ƙofa? Tsakar gida ƙasa ce ko tayil? Ina ake alwala, ina ake wanke-wanke? Wanda zai koma lungunan Rigasa ko Unguwar Sanusi a watan Agusta, caɓi yana jiransa, bakin sanda ya nutse ko ya zame. Wanda zai koma gida mai tayil a Malali ko Unguwar Rimi, ɗigon ruwan buta kaɗai ya ishe shi faɗuwa. Robar ƙasan sanda nakan juya ta in duba da idona. In ta cinye ta yi sumul, ko katako ya leƙo, a canza ta kafin a fita. Silifas kuma na hana, sai takalmi mai kama diddige. Tabarma da darduma a naɗe su daga hanya. Mata nakan ce su ɗage zani zuwa idon sawu, su sa hijabin da bai wuce gwiwa ba a cikin gida, don na ga yadda gefen doguwar hijabi ke shiga ƙarƙashin sanda.

Maganar bayan gida ita ce wadda ba mai tayarwa sai ni. Kunya ke hana su. Mai siminti har cinya ba zai iya tsugunno a masai ba, kuma a can ne ƙasa ta fi santsi. Wata tsohuwa daga Tudun Wada ta rage cin abinci da shan ruwa don kada ta buƙaci zagayawa, sai da na matsa da tambaya 'yarta ta faɗa mini. Na ce, "Mama, wannan ba abin kunya ba ne, lalura ce." Muka sa aka huda kujerar roba mai ƙarfi aka ɗora a kan masai, aka kafa ƙarfe a bango na dafawa. Yanzu kowa sai na yi masa wannan tambayar, namiji ko mace, in rage murya in yi.

Matakala kuwa ƙa'idarta ɗaya ce: mai lafiya ke fara hawa, mai ciwo ke fara sauka. Wajen hawa, ƙafar lafiya ta hau, sanduna da mai ciwo su biyo. Wajen sauka, sanduna su fara sauka da mai ciwo, sannan mai lafiya. Mai taimako ya tsaya ta ƙasa ko da yaushe, a baya in ana hawa, a gaba in ana sauka. Wani dattijo daga Kawo da ƙafarsa ta dama ta karye ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "'Yata, masallacinmu yana da matakala biyu, kuma ni tun ina yaro da dama nake shiga." Ban taɓa tunanin wannan ba sai ran nan. Na ce, "Baba, ni ba malama ba ce, amma in ka fara ɗora ta dama za ka faɗi. Ka tambayi liman." Da ya dawo ya ce liman ya ce mai lalura ba shi da laifi, ya kuma yi sallarsa a kujera har ya warke. Ya fi samun natsuwa da jin haka daga bakin liman, ni ma na fi samun natsuwa.

Abu na ƙarshe da nake faɗa wa masu jinya shi ne abin da zai sa su dawo ba tare da jiran ranar ganin likita ba: ciwon da ke ƙaruwa a cikin siminti magani bai kwantar da shi ba, yatsun ƙafa su yi sanyi ko su canza launi ko su daina ji, kumburi da zafi a sha-raɓa, numfashi ya yi wuya, ko hannu ya fara mutuwa da jin kamar ana tsira allura. Nakan ƙara da roƙon kada a fasa simintin a gida don an ga wata biyu sun wuce. Ƙashin ƙwaurin babba yakan ɗauki wata 3 zuwa 6 kafin ya haɗe, kuma hoton ƙashi ne zai nuna, ba ƙarancin ciwo ba.

Telan nan, kafinta ya rage masa sandunan da kusan faɗin yatsu huɗu, ya sauko da mariƙin. A wata na uku ya shigo ɗakinmu ya ɗaga hannun a gabana, ya miƙe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ba shi kaɗai ya zo ba. Yana tare da wani yaro ɗan unguwarsu da ya karye a wajen ƙwallo, wanda sandunan za su koma hannunsa. Ya zaro tef ɗin awonsa daga wuya ya miƙo mini, ya ce, "Sista, a auna shi tukuna."