Kason laifi: ware naka kafin ka nuna na wani

Duk direban da ya taɓa goga mota a Jidda ko Makka ya san yadda ake yi. Idan ba wanda ya ji rauni kuma akwai inshora, Najm ake kira, kamfanin da ke duba haɗarin mota a madadin kamfanonin inshora. Ma'aikacinsu ya duba hotuna, ya ji ta bakin kowa, sannan ya rubuta kason laifi: 100, 75, 50, 25 ko sifiri. Wani lokacin ka tashi da 25, ɗayan ya tashi da 75. Naka kaɗan ne, amma dai naka ne, kuma ba ya bajewa don na wancan ya fi yawa.

Da ma 'yan'uwanmu za su kai wannan lissafin cikin sauran al'amuransu. Zauna wurin mai shayi a Shara Mansur da ke Makka bayan isha'i ka saurara: kafili (mai aikin da kake zaune a ƙasar a ƙarƙashin sunansa) azzalumi ne, ejan ya ci amana, mahassada sun sa baki. Sau da yawa gaskiya ake faɗa, sai dai rabinta. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Akwai kuma wani kuskuren da ba a cika magana a kai ba: mutumin da ke kwashe kashi 100 ya ɗora wa kansa a kan komai, har da abin da ba shi da hannu, ya yi shiru ana tauye masa hakki yana kiran hakan haƙuri. Shi ma bai yi lissafi daidai ba.

Ɗauki maganar igama, wato katin izinin zama a ƙasar, don ita ta fi cin mutane. A dokar ƙwadago ta Saudiyya, sashe na 40, kuɗin igama da lasisin aiki da sabunta su, har da tarar jinkiri, duk a wuyan mai aiki suke. Tarar kuwa riyal 500 ce a karon farko, 1,000 a na biyu. To wannan kason kafili ne, kada ka yarda a cire shi daga albashinka. Amma ga naka. Ranar ƙarewar igamar tana cikin Absher ɗinka, manhajar gwamnati ta harkar takardu, kai ne kake da wayar. Fasfo naka ne, sabunta shi aikinka ne a ofishin jakadancin ƙasarka da ke Riyad ko ƙaramin ofishin da ke Jidda, kuma idan ya mutu sabunta igama na iya tsayawa cak. Tarar hanya da kyamarar Saher ta ɗauke ka, kai ka taka totur, ita ma takan toshe wasu ayyukan a Absher har sai an biya. Idan kuma ranar da kake riƙe da ita ta Hijira ce, ka tuna shekarar ta gaza ta Miladiyya da kwana goma ko sha ɗaya, a nan wasu ke makara alhali suna ganin da sauran lokaci.

Abin yi bai da yawa. Sa ƙararrawa a waya saura kwana 90, ka duba fasfo da tara da inshorar lafiya. Saura kwana 60 ka tura wa kafili ko ma'aikacin kamfanin da ke kula da takardu saƙo a rubuce, da hoton ranar. Saura 30 ka maimaita. A rubuce, na ce, domin "ai na gaya masa a bakin masallaci" ba hujja ba ce a ko'ina. Wanda ya bari sai banki ya rufe masa asusu sannan ya tuna, ba a fafe gora ranar tafiya.

Albashi ma haka yake. Rashin biya laifin mai aiki ne, kashi 100, babu wani kwana-kwana. Naka kason yana wani wuri daban: ka karanta kwantiragin da aka turo maka a Qiwa, shafin gwamnati na kwantiragin aiki, kafin ka danna amincewa? Adadin da ke ciki ya yi daidai da wanda aka yi maka alkawari da baki? Ka sa hannu a takardar karɓar kuɗin da ba ka karɓa ba don jin nauyi? Wannan na ƙarshen shi ya fi kashe ƙara. Hanyar neman hakki a buɗe take: a shigar da koke a ma'aikatar da ke kula da ƙwadago, a fara da zaman sulhu, idan bai yiwu ba a wuce kotun ƙwadago. Kuma ana so a shigar kafin wata 12 su cika daga ranar da aiki ya ƙare. Masu aikin gida, har da direban gida, tsarinsu daban ne, ta Musaned, shafin gwamnati na masu aikin gida, ake bi. Wasu sukan yi fushi su bar wurin aiki ba sanarwa, a rubuta musu hurub, wato rahoton sun gudu daga aiki, sai mai gaskiya ya koma mai laifi da hannunsa.

Sai batun ƙaddara, wanda nake taka-tsantsan da shi. Mun yi imani da ita. Amma tayar da ta fashe a hanyar Makka zuwa Madina cikin zafin bazara, duba gefenta tukuna: akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Idan ta tsufa ta tsattsage, ko iskarta ta yi ƙasa ba a auna ba, to an bar raƙumi ba dabaibayi. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya ce a ɗaure sannan a yi tawakkali.

Idan kason ya tabbata naka ne, yadda za ka faɗa ma yana da tsari. Ka ambaci abin da ka yi, ka faɗi gyaran, ka sa masa rana: "Alhaji, ni na manta ban kai motar fahas (gwajin lafiyar mota) ba. Gobe da safe zan kai ta, tarar kuma daga aljihuna." Kada ka liƙa "amma" a wutsiya. Da zarar ka ce "amma ai Malam wane ma bai tuna mini ba", ka janye duk abin da ka faɗa, Alhaji kuma ya ji. Kada kuma ka zarce da "ni dai ban da amfani", wannan neman lallashi ne, ba ya biyan tara. Idan akwai kason wani a cikin maganar, ka ajiye shi zuwa wani zama daban, bayan motar ta dawo da takardar fahas ɗinta.