Kaɗa gurmi da kuntigi da sassauƙar tsirkiya: darussan da aikin ya koyar

Mai koyo yakan sassauta tsirkiya don yatsa ya daina yi masa zafi, ko don sautin ya sauko daidai da muryarsa. Ba laifi. Sai dai tsirkiyar da ba a ɗame ta ba, ba ta jure nauyin hannu ko kaɗan, kuma nan ne yawancin masu koyo ke ɗora wa kayan kiɗan laifin hannunsu.

Sauti yana saukowa a hankali, amma ɗamewa tana raguwa da sauri. Kafin sauti ya sauko da rabi, sai ƙarfin jan tsirkiyar ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, ta zama igiyar shanya. Mai neman kauri a sauti, gara ya sauya zaren. Idan zaren kamun kifi na milimita 0.6 ne a kai, ya sa na 0.8, da ɗamewa iri ɗaya sautin zai sauko da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Sabon zaren roba yakan yi kwanaki yana miƙewa, sai an yi ta gyara ɗaurin.

Hannun hagu shi ne babban aiki. Sandar gurmi ba ta da matakan danna tsirkiya irin na gita, yatsa ne ke yanke tsawon tsirkiya. In ka danna da ƙarfi ko ka ja ta gefe, ka ƙara mata ɗamewa, sautin ya haura, mawaƙi ya ji kamar ka saki layi. Ɗora yatsa kawai, ka ƙara nauyi kaɗan-kaɗan har zizar ta ɗauke, ka tsaya nan.

Hannun dama kuwa ya matso kusa da ɗan icen da tsirkiya ke hawa a kai, don can ta fi tauri. A tsakiya takan yi lilo, ta bugi sanda.

Sai yanayi. Da damina fatar akuyar da aka rufe gurmi da ita tana shan raɓa ta saki, ɗan icen ya nutse, tsirkiyar da dama can sassauƙa ce ta kwanta. Kada a fara da jan tsirkiya. A shanya fatar a rana ko a ɗumama ta nesa da garwashi, ana shafawa da tafin hannu, sannan a daidaita. Wanda ya ɗame a cikin laima, hunturun Disamba na iya tsage masa fata.

Kuntigi, irin wanda marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi suna da shi, tsirkiya ɗaya ce a kan gwangwanin kifi da aka rufe da fata. Jikin ƙarami ne, ba shi da amon da zai rufa maka asiri, don haka sassaucinsa kada ya kai na gurmi.