Ampili ba taransifo: inda aikin ya kai

Ƴan uwa masu koyon haɗa ampili, wato na'urar ƙara sauti, ga rahoton wannan mako daga Yamai.

Da yake babban taransifo ya yi tsada a kasuwar Katako, ga nauyi kamar dutsen niƙa, wasunmu suka ce a jawo wuta kai tsaye daga soket, diyod huɗu masu miƙe wuta da kondansatar mai tara ta sun wadatar. Na haɗa a kan tebur don mu gani da ido. Ban jona sifika ba, kuma na ratsa kwan fitila mai zare a layin, ta yadda in wayoyi suka haɗe, kwan ne zai haska.

Volt 220 na gida, da ya bi ta diyod ya taru a kondansatar, sai ya koma wajen 310. Allon ampili na TPA3116 da nake da shi kuwa volt 24 yake so. Wannan ana iya dabarar rage shi. Abin da ba ya raguwa shi ne wanda testa ta nuna: na ɗora ta a kan wayar da muke ɗauka ƙasa ce, ta kama ja. Na juya fulogi, ta sake kamawa. Wannan waya ita ce ke zuwa jikin akwati, da igiyar da za ka soka a wayar salula, da makirufon da mai shela zai kai bakinsa ranar biki. Miliampa 30 ya isa ya rikita bugun zuciya, gidajenmu da yawa kuma ba a kafa musu wayar ƙasa ba.

Wani zai ce ai Turawa sun yi. Sun yi, rediyoyin Amurka da Faransa masu kwalabe (bawul) na shekarun 1930 zuwa 1950 da yawa ba su da taransifon wuta. Amma an kulle su cikin akwatin katako ko roba, duk da haka sun sha jan mutane.

Don haka na koma kan cajar kwamfuta mai volt 19. Ita ma da taransifo a cikinta, ɗan ƙarami ne kawai saboda tana kaɗa wutar sau dubbai a daƙiƙa maimakon 50, kuma yana raba ka da layin gida. Sauti ya fito tas, bas ɗin ma ba laifi. Saura akwati da fanka kafin zafin Afrilu.

Wanda ya riga ya haɗa na farkon, mai jawo wuta kai tsaye, kada ya taɓa kondansatar ko da ya zare fulogi, tana riƙe wuta. A sauke ta da rezistans, a auna da mita tukuna.