Intalok da Katangar Tare Ƙasa a Legas: Kuɗin da Ake Binnewa

Duk wanda ya ƙware a shimfiɗa intalok, wato ƙananan bulon kankare da ake jerawa a ƙasa suna kama juna, a Kano ko Katsina, sannan ya sauko Legas da niyyar ci gaba da sana'ar, sai ya sake zama ɗan koyo, domin ƙasar da zai yi aiki a kanta daban ce, ruwan da zai yi fama da shi kuma ya fi wanda ya saba gani nesa ba kusa ba. Ina da ƙaramin kamfani a yankin Agege, inda muke buga bulon intalok da bulon gefe, muna shimfiɗa su a harabar gidaje da masallatai da gidajen mai, muna kuma gina katangar da ke tare ƙasa a filayen da suke kan gangare. Yawancin leburorina 'yan Arewa ne, birkilolin kuwa akwai 'yan Kwatano da Togo a cikinsu, waɗanda duk mai harkar gini a garin nan ya san kyawun hannunsu wajen jeri.

Daminar Legas takan kankama tun watan Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, sannan ta dawo a Satumba da Oktoba. Ƙasar ma iri biyu ce. A Lekki da Ajah da yawancin ɓangaren tsibiri, filaye da dama fadama ce aka cike da yashi, kuma a tsakiyar damina mutum ba zai haƙa mita ɗaya ba a wasu wuraren sai ruwa ya tarye shi. A Ikeja da Magodo da Ojodu da Ikorodu kuwa jar ƙasa ce mai ƙarfi, amma akwai tudu da kwari, har ka ga tsakar gidan wani tana daidai da tagar maƙwabcinsa na ƙasa. Saboda haka kiran da ke zuwa mana daga tsibiri galibi na intalok ne da ya lotsa, wanda ke zuwa daga tudu kuma na katanga ce da ta fara kwanciya. A duka biyun, in aka bi diddigi, ruwa ne da ba a tanadar masa hanya ba.

Wannan ne ya sa a zuwan farko ba na buɗe hotunan launi da zane, ko da mai gida ya matsa. Ina fara duba inda ruwan kwanon rufi yake sauka, da tsayin lambatun bakin titi idan aka kwatanta da tsakar gidan, domin a unguwanni da yawa an sha sake gina titi ana ɗaga shi har ya fi gidajen da ke gefensa tudu. Ƙa'idar da muke bi ita ce gangaren santimita 2 a kowace mita, wato haraba mai tsawon mita 20 tana buƙatar bambancin santimita 40 tsakanin bakin ɗaki da bakin get. Idan babu wannan tazarar, sai a saka magudana mai murfin ƙarfe a tsakiyar harabar ko a ɗaga cikon gaba ɗaya. Abin da ba na yarda da shi ko kaɗan shi ne a karkata ruwan zuwa gindin katangar maƙwabci, don rigimar da ke biyo baya takan fi kuɗin magudanar tsada.

Shimfiɗar kanta hawa-hawa ce. Da farko a kwashe baƙar ƙasar sama da saiwoyi da ɓaraguzan gini, a zuba jar ƙasa, amma ba a juye tifa guda a baje ta a ce an gama ba. Ana zuba kaurin santimita 15, a yayyafa ruwa daidai yadda ƙasar za ta dunƙule a hannu ba tare da ta zama taɓo ba, a bi ta da injin daddaɓewa, sannan a ƙara wani hawan. Duk wanda ya tashi a gidan da mata suke yin daɓe ya san cewa ƙarfinsa daga dukan maɗaɓi yake fitowa, makuba ta ƙarshe ce, kuma haka abin yake a nan. A kan jar ƙasar sai fasasshen dutse gauraye da ƙurarsa, kaurin santimita 10 zuwa 15 idan ƙananan motoci ne za su hau, fiye da haka idan tankar ruwa ko ta dizal za ta riƙa shigowa. Bayan shi ne ake shimfiɗa yashi mai kaifi, kaurin kamar santimita 3, a ja shi da katako a kan fayif biyu har ya yi sumul, kuma daga nan ba a sake barin kowa ya taka shi.

Masu aikin gaggawa sukan tsallake dutsen, su cike gurbinsa da yashi mai kauri saboda ya fi araha. Ranar da aka gama, babu wanda zai iya bambancewa, amma kafin damina ta biyu sawun taya zai fito kamar kwari biyu daga get zuwa rumfar mota. Akwai kuma al'adar shimfiɗa baƙar leda a ƙarƙashin yashi wai don hana ciyawa fitowa, wadda ta zama ruwan dare a Legas har wasu masu gida suna ganin an cuce su idan ba a saka ba. A ganina amfaninta kaɗan ne, domin yawancin ciyawar da ke fitowa a tsakanin bulo daga irin da iska ta zubar a sama take tsirowa, ledar kuma tana riƙe ruwa a cikin yashin ya kasa tsanewa. Inda ƙasa take da laushi, yadin jiyotekstil, wato yadin roba da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin aiki, ya fi, tunda yana raba yashi da laka amma yana barin ruwa ya wuce.

Bulon gefe shi ne ke riƙe shimfiɗar gaba ɗaya, don haka a kan kankare muke dasa shi, mu tokare bayansa da wani kankaren, kafin a ɗora intalok ko ɗaya. Inda mota take juyawa, jerin ƙashin kifi muke yi, wato kowane bulo ya gitta wa na kusa da shi, domin shi ne ya fi hana bulo zamewa idan taya ta murɗa a kansa. In an gama jeri sai a share busasshen yashi mai laushi cikin tsagogin, a sake bi da injin, a ƙara yashi har tsaga ta daina sha.

Shi kansa bulon intalok, mai kaurin santimita 6 ya ishi harabar gida, gidan mai da titin unguwa kuwa sai mai santimita 8. Mai kusurwa huɗu na santimita 20 da 10 guda 50 ne ke cika murabba'in mita ɗaya, kuma yana da kyau mai gida ya riƙe wannan lissafin kafin a kawo masa takardar kuɗi. Ana buga wani a cikin mazubin roba, ya fito da santsi da sheƙi, wanda mutane suka fi so, sai dai da damina gansakuka takan sa shi sulɓi. Wanda inji ya matse da jijjiga ba shi da wannan ƙyallin, amma ya fi ɗaukar nauyi. Duwatsunmu daga wuraren fasa dutse na wajen Abeokuta da Ibadan ake kawo su, siminti kuma na Dangote ko Lafarge, waɗanda dukansu suke da masana'antu a jihar Ogun. Kankare yana kai kusan cikakken ƙarfinsa ne a kwana 28, kuma yana buƙatar ban-ruwa musamman a makon farko, amma a bakin titi za ka ga an buga bulo yau an loda shi a mota jibi. Idan na je duba bulon da ba mu muka buga ba, nakan ɗauki biyu in gwara su. Mai kyau yakan yi ƙara siririya kamar ta ƙarfe, wanda aka yi wa rowar siminti kuwa sai ya yi wata ƙara a dushe, gefensa ya marmashe a tafin hannu. A babban aiki ba ma tsayawa a nan, ana kai samfuri ɗakin gwajin kayan gini na jihar Legas a matse shi a ga iyakar ƙarfinsa.

Katangar tare ƙasa ita ce ɓangaren da ba na wasa da shi, domin intalok da ya lotsa asarar kuɗi ce kawai, katangar da ta faɗi kuwa tana iya danne mutum. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya zagaye filinsa da bulo mai inci 9 kamar yadda kowa yake yi, daga baya ya ga filin ya yi gangare, sai ya sa a juye masa tifofin ƙasa a jikin wannan katangar don ya daidaita tsakar gida. Katangar shinge nauyin kanta kawai take ɗauke da shi da ɗan bugun iska, ba a gina ta don ƙasa ta jingina da ita ba. Nauyin da ƙasa take turowa kuma ba ya tafiya daidai da tsayi, domin idan aka ninka tsayin sau biyu, turin yakan zama ninki huɗu. Idan ruwa ya cika cikon ya rasa mafita, abin yakan sake ninkawa, tunda ruwan da ya cika murabba'in mita ɗaya zuwa zurfin mita ɗaya nauyin tan guda ne.

An taɓa kirana wani gida a wajen Magodo inda aka yi irin wannan cikon har kusan mita biyu. Da na ɗora igiyar awo daga saman katangar, sai dalmar ta sauka nesa da gindinta da faɗin tafin hannu, ga tsaga ta bi layin siminti kamar matakala, ga kuma danshi ya yi baƙi a hawa ukun ƙasa, ba ko ƙofar ruwa ɗaya a jikinta. A bayanta, can ƙasa, ɗakin girkin maƙwabta ne. Mai gidan ya ce, "Malam, a ɗan yi mata filasta a ƙara ginshiƙi biyu mana, kafin in samu sarari." Na ce masa, "Ranka ya daɗe, filasta ba ta riƙe ƙasa. A fara kwashe cikon nan yau, a kuma gaya wa mutanen ƙasa su daina girki a wurin, sauran magana ta biyo baya." Bai ji daɗi ba, amma ya yarda, kuma da aka buɗe bayan katangar sai ga laka tana tsiyayar ruwa alhali an yi kwanaki ba a yi ruwan sama ba.

Wajen gina katangar tare ƙasa, hanya biyu muke bi. Ta farko ita ce wadda aka fi sani a nan, a zuba faffaɗan fandisho na kankare da rodi wanda ya miƙe zuwa ƙarƙashin ƙasar da za a tare, yadda nauyin ƙasar zai danne shi ya hana katangar kifewa, sannan a jera bulo mai rami a kan rodin da ya fito daga fandishon, a cike ramukan da kankare hawa bayan hawa. Ta biyu ita ce ta bulon da ake jerawa ba siminti, mai leɓe ko ƙusa da ke sa kowane hawa ya ɗan ja da baya ya jingina da ƙasar. Wannan ana ɗora shi ne a kan fasasshen dutse mai kaurin santimita 15 da aka daddaɓe, a binne hawan farko, kuma a wannan hawan ne rabin wahalar take, domin kuskuren da bai kai kaurin ɗan yatsa ba a ƙasa zai fito fili a hawa na shida. Idan tsayin ya wuce mita ɗaya da 'yan kai, sai an saka ragar roba mai ƙarfi tsakanin hawa-hawa, a miƙa ta cikin cikon aƙalla kashi 60 cikin 100 na tsayin katangar.

Kowace aka zaɓa, bayanta iri ɗaya ne: tsakuwa tsantsa mai faɗin santimita 30 daga ƙasa har kusan sama, fayif mai huji-huji na inci 4 a gindi da ke fitar da ruwa zuwa lambatu, yadi tsakanin tsakuwar da ƙasa don kada laka ta toshe ta, da ƙofofin ruwa idan katangar ta kankare ce. Ba a cike bayan da baƙar ƙasa ko yumɓu, kuma babban inji ba ya matsowa kusa. Da zarar tsayi ya haura mita ɗaya da rabi, ko kuma akwai gini ko wurin ajiye mota a saman, ba na taɓawa sai da zanen injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, tare da izinin hukumomin tsara gine-gine na jihar. Tun rushewar benen nan mai hawa 21 a titin Gerrard da ke Ikoyi a watan Nuwamban 2021, mutane sun ɗan rage gardama idan aka ambaci injiniya, ko da yake har yanzu wasu suna ganin kuɗinsa asara ne.

Wahalar ciniki a sana'ar nan ita ce kusan rabin kuɗin aikin kirki yana tafiya ne a abin da za a binne, mai gida kuma abin da idonsa zai gani yake son ya biya. Wanda ya cire dutse da tsakuwa da fayif daga lissafinsa dole farashinsa ya fi nawa sauƙi. Saboda haka nakan rubuta kaurin kowane hawa a takardar kuɗi, in kuma nemi mai gida ko wakilinsa ya zo ya sa tef ya auna kafin a rufe. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin dakon tifa ya tashi, a farkon 2024 kuma buhun siminti ya haura naira 10,000, shi ya sa farashin da na bayar ba ya wuce mako biyu sai an sabunta shi. Akwai kuma 'yan omo-onile, masu iƙirarin cewa ƙasar unguwa ta kakanninsu ce, da ke tare tifa a wasu unguwanni su ce sai an sallame su kafin a sauke kaya, duk da dokar da jihar ta kafa a 2016 don hana irin wannan. Wannan nakan faɗa wa mai gida tun farko cewa tsakaninsa ne da mutanen unguwarsa.

Idan mun gama, mukan bar wa mai gida bulo kamar murabba'in mita biyu a ajiye, domin launin bugu ɗaya ba ya cika dacewa da na wani, kuma ranar da fayif ya fashe ko za a ja wayar lantarki, ɗaga bulon kawai za a yi a gyara a mayar. Mukan kuma nuna wa maigadi bakin fayif ɗin da ke fitowa daga bayan katanga, mu ce ya riƙa leƙa shi bayan kowane ruwa mai ƙarfi. Idan yana zubar da ruwa, lafiya lau. Idan aka yi ruwa kwana biyu a jere ya gan shi a bushe, to ya toshe ne, a kira mu kafin Yuni ya shigo.