Auna tsaron mutanen Maraɗi a intanet: a duba wayar, a bar tambayar baki

Ka tsaya a bakin Babbar Kasuwar Maraɗi ka tambayi masu wucewa ko suna kiyaye sirrinsu a waya, da wuya ka samu wanda zai ce maka a'a. Kuma da gaske suke. Sai dai abin da mutum ke kira kiyayewa sau da yawa bai wuce zanen da yake ja a fuskar waya don kada yara su cinye masa data ba. Tambayar "kana kula?" kunya take aunawa, da son a faranta wa mai tambaya. Duk mai son ya san gaskiyar inda muke, ƙungiyar kare masu saye ce, ko ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ko matashin da ke son gwada abokansa a fada, to aikin yana cikin wayar.

Ƙa'idar farko: wayar tana hannun mai ita daga farko har ƙarshe. Kai ido ne naka da takarda. Ba ka tambayar lambar sirrin kowa, ba ka rubuta suna ko lambar waya. Minti goma sha biyar sun ishi mutum ɗaya, kuma makin duka ashirin ne.

A fara da layi, domin a nan garin layin shi ne gindin komai. WhatsApp a kansa yake, asusun kuɗi na Airtel Money ko Moov Money a kansa yake, manhajojin Nita da Amana da shi ake shiga, Facebook ma ta nan ake dawo da shi. Tambaya ta farko ita ce da katin wa aka yi wa layin rajista. Wanda ya yi da nasa katin ya ci maki uku. Wanda layinsa ke da sunan yayansa, ko tsohon maigidansa, ko wani da ya sayar masa a bakin titi, bai ci ko ɗaya ba, komai ƙarfin sauran matakansa. Ranar da wayar ta ɓace, kamfani zai nemi mai sunan kafin ya sake fitar da layin, shi kuma mai sunan zai iya zuwa ya karɓa ko da mai amfani da layin bai sani ba. Ƴan kasuwar da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina galibi layi biyu gare su, na +227 da na +234, to a tambayi kowanne daban. Layin da aka jefa a aljihu wata da watanni ba a amfani da shi yana iya mutuwa a sake sayar da lambar ga wani, alhali tsofaffin asusu na rataye da ita.

Sauran maki biyu na layi a gani ake ba da su. Ka ce masa ya kashe wayar ya kunna. In ta nemi lambar sim kafin ta kama hanya, maki ɗaya. Kada ka bar shi ya shiga gwaje-gwajen lamba a gabanka: kuskure uku sim ya kulle sai da PUK, wato lambar buɗe sim da kamfani ke bayarwa, kuskure goma a PUK kuma sim ya mutu. Sannan ya danna *#21#. In ba a karkatar da kiransa zuwa wata lamba ba, maki ɗaya. Wannan ƙaramin abu yana da muhimmanci saboda WhatsApp na iya ba da lambar shiga ta hanyar kira, kuma macuta kan sa mutum ya danna wasu lambobi da sunan kyautar data, ashe kiransa ya mayar musu. In an samu an karkatar, ##002# na share shi duka.

WhatsApp shi ya fi kowa maki, shida, don nan ne mutanenmu ke ciniki, nan ake aiko hoton rasit, nan ake neman taimakon gaggawa da sunan ɗan'uwa. A buɗe saiti a duba tabbatarwa mai mataki biyu, wadda a wayar da ke kan Faransanci aka rubuta Vérification en deux étapes. In an kunna ta da lamba shida, maki uku. Ita ce ƙofa ta biyu da ke tare ɓarawo ko da ya samu lambar da aka turo ta saƙo. Wanda bai kunna ba, ɓarawon ne zai kunna tasa bayan ya shiga, kuma mai asusun zai iya jiran kwana bakwai kafin ya koma ɗakinsa. Kafin ya farga ya sake shigar da lambar da ake turowa ta saƙo, wadda ke fitar da ɓarawon, ana ta roƙon surukai da abokan ciniki kuɗi da muryar rubutunsa. Sai a duba jerin na'urorin da aka haɗa da asusun, wanda ke ɗaukar har huɗu. In babu baƙuwar na'ura, maki ɗaya. Maki biyun ƙarshe na asalin manhajar ne. GBWhatsApp da ƴan'uwansa, wato kwaikwayon WhatsApp da ake turawa daga waya zuwa waya ta manhajar Xender, ba daga kamfanin suka fito ba, babu wanda ya san abin da aka cusa a ciki, kuma ana iya rufe asusu saboda su. Mai ɗauke da su sifiri ne a nan.

Makullin waya da asusun Google maki huɗu ne, biyu-biyu. Lamba huɗu na da hanyoyi 10,000, lamba shida na da 1,000,000, amma 1234 da shekarar haihuwa ba su shiga lissafi. Tambayi kawai ko lambar ta danganci haihuwa ko lambar waya, ba sai ya faɗa maka ita ba. Na Google kuwa, tambayar ita ce wa ya buɗe Gmail ɗin, kuma wa ya san kalmar sirrinsa. Je ka tsaya minti biyar a teburin mai gyaran waya. Ga Tecno da Itel a jere, kowace da ƴar takarda manne a bayanta an rubuta suna da lambar buɗewa, wata ma an zana mata zanen makullin da biro. Sabuwar waya ta zo, mai gyara ya buɗe asusu a gurguje, ya sa kalmar da ya saba sa wa kowa, mai waya ya tafi bai ma san yana da asusu ba. Hotunansa da lambobin mutanensa suna hawa can. Wanda ya canza kalmar bayan ya bar teburin shi ya cancanci makin.

Maki biyar da suka rage na gwajin yaudara ne, kuma nan ake yawan ɓata aiki. Ba a aika wa mutane saƙon ƙarya na gaske don a ga wa zai faɗa, wannan cin amana ne. Labarai biyar za ka karanta masa da baki, tunda da yawa da saƙon murya suke aiki: "Alhaji, a ce an kira ku an ce an yi kuskuren turo jikka ashirin a layinku, ga saƙo ma ya shigo, a taimaka a maido. Me za ku yi?" Ko kuwa: "Hajiya, a ce ƙawarku ta rubuto ta ce wata lamba shida ta shigo wayarku bisa kuskure, ku karanto mata. Yaya za ku yi?" Amsar "ai ni ba a cuta ta" ba ta da maki. Wanda ya faɗi matakin da zai ɗauka shi ke ci: zai kashe kiran ya duba kuɗin asusunsa da kansa, zai kira ƙawar a layinta ya ji muryarta, lambar da ta shigo kuwa ba ta fita bakinsa. Ka sa labari ɗaya na saƙon gaske a cikin biyar ɗin. In ba haka ba, da sun gane inda ka dosa za su ƙi komai, kai kuma ka koma gida da sakamako mai kyau na banza.

Sirri kuwa ban ga dacewar a yi masa maki irin wannan ba. Mai sayar da atamfa so take kowa ya ga lambarta da hoton kayanta, matar aure a Bagalam kuma ba ta son baƙo ya ga fuskarta. Kowacce na da gaskiya. Abin aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin abin da mutum ke zato da abin da wayar ke yi. Ka fara tambaya: wa kike jin yana ganin hotonki, wa zai iya jefa ki a rukuni ba da izininki ba, wace manhaja ke karanta lambobin mutanenki da inda kike? Rubuta amsar, sannan ta buɗe saiti ku gani tare. Ƙirga wuri nawa zato ya dace da zahiri. Manhajar tocila ko ta rance da ke da izinin karanta saƙonni da jerin lambobi, a nan take fitowa fili.

Wa za a tambaya kuma? Mutum 100 da aka zaɓa ba tare da son rai ba suna ba da sakamako mai kuskuren kusan kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa, mutum 400 kuma kusan 5. Amma in duk a kasuwa aka tsince su, maza ƴan kasuwa ka auna, yawa ba ya gyara wannan. A shiga unguwanni, Zariya da Mokoyo da Ali Ɗan Sofo da Sabon Gari, mata su shiga gidaje su tambayi mata. A sa masu ƙaramar waya mai maɓalli, domin su ma suna da layi da asusun kuɗi, a tsallake musu sashen da bai shafe su ba. A rubuta ko wayar ta mutum ɗaya ce ko ta gida duka, don wayar da miji da mata da yara ke rabawa ba a yi mata hukuncin ta mutum ɗaya.

Wajen fitar da sakamako, matsakaicin maki na ɓoye ciwo. Mai maki 15 da ya faɗi a tambayar lamba shida ta WhatsApp ƙofarsa a buɗe take. Gara a ce kashi kaza na da layi da sunan wani, kashi kaza ba su kunna mataki biyu ba, sai a san abin da za a faɗa a rediyo da masallaci. Bayan wata shida a sake, da tambayoyin nan ba canji.

Takardun kansu ma amana ne. Nijar na da dokar kare bayanan mutum tun 2017, an sabunta ta a 2022, da hukumar HAPDP mai kula da ita. Kowace takarda ta ɗauki lambar jeri kawai, da unguwa, da jinsi, da rukunin shekaru. Kafin ka tashi kuma, ka zauna minti biyu mai wayar ya kunna mataki biyu da hannunsa, kai kana kallon wani gefe lokacin da yake sa lambar.